Saƙo daga Jamus kan batirin motocin yanzu da na'urar da ke lura da shi

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu masu sana'ar wayarin mota a Ringim da Taura da ƙauyukan kewaye, da fatan ana cikin ƙoshin lafiya. Na ga ya dace in rubuto muku game da wani aiki da ke yawan zuwa garejin da nake aiki a nan Jamus, domin motocin da muke gyarawa yau su ne za su biyo ta Kwatano su iso hannunku, wasu ma sun riga sun iso.

A yawancin motocin BMW da Mercedes da Volkswagen da Ford na shekarun nan, idan kuka duba kan batir na ɓangaren negatif, za ku tarar da wata 'yar baƙar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, da soket mai siraran wayoyi a jikinta. Aikinta shi ne auna ƙarfin wutar batir, da yawan wutar da ke shiga da wadda ke fita, da kuma zafinsa, sannan ta kai wa ƙwaƙwalwar mota labari, ita kuma ƙwaƙwalwar ta umarci altaneta yadda za ta yi caji. Saboda haka ƙa'idar da muka tashi da ita, cewa mota a kunne sai mita ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4, ba ta cika aiki a kan waɗannan motoci ba. Lafiyayyar mota tana iya sauka ƙasa da 13 idan batir ya cika, ta kuma haura kusa da 15 lokacin da direba ya ɗage ƙafa daga totur. Wanda bai san haka ba zai yanke wa altaneta hukunci alhali ba ta da laifi.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ba a taɓa sukurdireba sai an auna. Ana fara jona kwamfutar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta a Turai ga motocin fetur tun 2001, na dizal kuma tun 2004. Cikin lambobin matsala da kwamfutar ke nunawa, lambar P0562 tana nufin wuta ta yi ƙasa, P0563 kuma ta yi yawa, amma lambar tana faɗin abin da ƙwaƙwalwa ta gani ne kawai, ba ta nuna mai laifi. Daga nan sai a ɗora mita a kan batirin kansa bayan mota ta huta: cikakke yana nuna 12.6, mai rabin caji wajen 12.2, kuma lokacin tayar da inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Sai a gwada wannan da abin da kwamfuta ke nunawa. Idan mita ta ce 12.6 ƙwaƙwalwa kuma ta ce 11.8, to wannan bambancin ba daga batir yake ba, sai a koma kan na'urar nan, ko siririyar wayarta, ko fiyus ɗinta. Na ga motar da mai ita ya zo da niyyar sayen sabon batir, aka zare soket ɗin aka tarar da koriyar tsatsa ta cinye ƙafa ɗaya daga ciki, aka wanke aka gyara, fitilar gargaɗi ta mutu. Haka kuma ana auna wayar da ta haɗa batir da jikin mota yayin da ake tayarwa, idan wutar da ke ɓacewa a wayar ta wuce kimanin bolt 0.2 zuwa 0.3 an san ta yi rauni ko ta yi tsatsa.

Akwai al'adar da nake roƙonku don Allah a daina, wato cire kan batir mota tana kunne don a ga ko altaneta na caji. A tsofaffin Fijo an sha tsira da hakan, amma a motar yanzu wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙona ƙwaƙwalwa, wadda kuɗinta ya ninka na batir sau da yawa. Kada kuma a cire na'urar a jefar don an ga ta tsufa, kuma idan za a ba mota wuta daga wata motar, ko a sa mata rediyo ko ƙarin fitila, a jona baƙar waya a jikin mota, ba a kan batir kai tsaye ba, domin duk wutar da ta bi ta bayan na'urar ba ta shiga lissafinta, lissafin kuwa da shi ake caji.

Ta fuskar kaya, motocin da ke kashe kansu a danja su sake tashi suna amfani da batir nau'in AGM ko EFB, waɗanda aka yi su don jure yawan tayarwa, kuma idan an canza batir a irinsu BMW dole ne a sanar da ƙwaƙwalwa da kwamfuta, in ba haka ba za ta ci gaba da cajin sabo kamar tsoho har ta gajiyar da shi. Ku riƙa karanta rubutun jikin tsohon kafin ku aika Ƙofar Ruwa a sayo, musamman da yake zafin bazara irin namu yana rage wa batir kwana fiye da sanyin nan. A nan doka ta sa mai saye ya ajiye Yuro 7.50 idan bai kawo tsohon batirinsa ba, saboda dalma da ruwan batir kada su ƙare a bola, abin da nake fatan gani a wajenmu.

Sai dai akwai inda kuka fi su nesa ba kusa ba. Kuɗin aiki a nan da awa ake lissafa shi, kuma yana da tsada ƙwarai, don haka da wuya a buɗe altaneta, sai dai a cire a sa wata. Ku kuwa kuna warware ta a kan tabarma ku canza burushi ko dayod, ta koma aiki. Wannan gwaninta idan aka haɗa ta da mita mai kyau da 'yar kwamfutar bincike da ke aiki da wayar hannu, babu motar Kwatano da za ta gagare ku. Duka biyun suna da araha a nan, kuma ina shirin aiko da su ta hannun mai zuwa gida, tare da bayanin amfani da su da Hausa.