Gyaran karkacewar tushen gareji: a layin farko ko a rarraba?

A ce an auna tushen bango mai tsawon mita 6 da tiyon ruwa (tiyo mai ruwa a ciki da ake gwada daidaiton tsayi da shi), aka tarar kusurwa ɗaya ta fi ɗaya tudu da milimita 10. Hanya biyu magini ke da ita.

Ta farko, a cinye bambancin tun a layin bulo na ƙasa. A fara daga kusurwar da ta fi tudu da kwaɓin siminti mai kaurin milimita 10, yana ƙaruwa har ya kai 20 a ɗaya ɓangaren, sannan a ja igiya. Daga nan kowane layi zai hau daidai. Amma kwaɓin ya zama mai tauri, domin mai ruwa-ruwa matsewa yake a ƙarƙashin nauyin bulo, gyaran ya tashi a banza. Idan gibin ya wuce haka, kankare ya kamata a zuba a daidaita tushen, a bar shi ya kama.

Ta biyu, a rarraba gyaran: ƙarin milimita 2 a kowane layi, layi 5 sun share shi. Ba a samun kwaɓi mai kauri ko ɗaya, sai dai dole a sake awo a kowane layi, kuma mantuwa ɗaya na iya kai kuskuren har sama.

Ga gareji, ta farko ta fi. Ƙofarsa faɗi gare ta, kuma linta (dogon kankaren da ke saman ƙofa) da ta karkace na iya sa ƙofar naɗi ta riƙa cijewa, ko ta bar kafa a gefe guda.