Rigar sanyi ta Patagonia bayan shekara shida, da abin da na gani game da masu kamfanin

Jama'a yau dai na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani game da rigar nan ta Patagonia, wani kamfanin tufafi na Amurka, wadda suke kira Nano Puff, tunda shekarata shida kenan ina sa ta, kuma ina ganin wanda ya sa abu shekara shida ya isa ya yi magana a kai. Rigar ba ta da nauyi ko kaɗan, kana iya cusa ta gaba ɗaya cikin aljihunta na ciki ka ja zif ta koma kamar ƙaramar jaka ka jefa a kaya. Abin da aka cusa a cikinta ba gashin tsuntsu ba ne, wata irin audugar roba ce PrimaLoft, shi ya sa ko ta ɗan jiƙe ba ta daina riƙe ɗumi. Amma fa ba rigar ruwa ba ce, yayyafi kawai take tarewa, su ma ba su taɓa cewa ta ruwan sama ba ce. Na wanke ta ban san adadi ba, zif ɗin na nan lafiya lau, ɗinki bai saki ba.

To ba ma wannan ne ya sa na ɗauki waya nake rubutu ba. A shekara ta huɗu waya mai ƙaya ta kama min hannun rigar ta yaga shi, audugar ciki har ta fara leƙowa, kuma ni na jawo ba ruwan rigar. Na tura musu saƙo da hoto, a raina na riga na gama cewa za su turo min jerin sababbin kaya su ce in zaɓa, don haka na saba gani. Wallahi ko maganar sabuwa ba su yi min ba. Sun nuna min yadda zan manna faci da kaina a gida, suka ce in kuma na fi so in aiko musu su gyara. Ashe suna da tsari guda mai suna Worn Wear, da babban wurin gyara a garin Reno na jihar Nevada a Amurka inda teloli ke zaune aikinsu kenan, gyaran tsofaffin kaya, har gwanjon kayansu suke karɓa su sake sayarwa. Na manna facin, yau shekara biyu yana nan bai ɗago ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda kafin nan na taɓa sayen jaka a wani kamfani, ba zan kama suna ba, an rubuta garanti ɓaro-ɓaro a jikin takarda, hannun jakar ya tsinke cikin wata uku, aka yi ta wasa da hankalina, yau a ce turo rasit gobe a ce ai wannan ba ya cikin garanti, har na gaji na haƙura. Kuma shugaban wannan kamfanin kullum yana intanet yana wa'azin gaskiya da riƙon amana. Tun daga nan na daina sauraron abin da shugaban kamfani ke faɗa, sai dai in duba me ya yi ranar da gaskiya za ta ci masa kuɗi.

Shi ya sa na je na bi tarihin wanda ya kafa Patagonia, Yvon Chouinard. Mutumin nan asalinsa maƙeri ne mai hawan duwatsu, a 1957 ya fara ƙera ƙusoshin ƙarfe da masu hawa ke bugawa cikin tsagar dutse, har kamfaninsa ya zama kan gaba a wannan harka a Amurka. Sai ya lura ƙusoshin nasa ne ke farfasa duwatsun da yake ƙauna, buga-cire buga-cire har dutse ya lalace. A 1972 ya fito a kundin tallan kayansa ya ce wa kwastomomi su bar amfani da su, su koma wasu ƙananan ƙarafa na alminiyam da ake saƙalawa da hannu ba sai an buga guduma ba. Ƙusoshin nan fa su ne mafi yawan cinikinsa a lokacin. Ku duba, mutum ya sa hannu ya tsinke igiyar da yake ɗebo ruwa da ita saboda ya ga tana ɓarna, kuma babu hukumar da ta tilasta shi. Patagonia kanta a 1973 ya kafa ta, kuma zuwa 1996 duk audugar da suke aiki da ita sun mayar da ita wadda aka noma ba da maganin feshi ba, duk da ta fi tsada kuma ta fi wuyar samu.

Wanda kowa ya sani shi ne tallan 2011 a jaridar New York Times ranar Black Friday, ranar da Amurkawa ke rububin sayayya. Suka sa hoton wata rigarsu suka rubuta wai kar ka sayi wannan rigar, sannan a ƙasa suka lissafa cewa yin ta ya ci ruwa lita 135, ya fitar da hayaƙin kabon mai nauyin kusan fam 20. Na san masu cewa ai wannan dabarar talla ce kawai, tunda ciniki ƙaruwa ya yi bayan nan, kuma gaskiyarsu ne ya ƙaru. Ni ma da tallan ne kaɗai da ban yarda ba, don faɗa ba ta da wuya. Abin da ya sa na yarda shi ne lokacin da tawa ta yage suna da dama su sayar min da wata, suka ce in yi faci.

Amma wanda ya fi kama ni shi ne maganar Taiwan, kuma ita ce mutane ba su cika kawowa ba. A 2011 binciken da su da kansu suka sa a yi a masaƙun Taiwan da ke ba su yadi ya gano cewa ma'aikata baƙi 'yan ci-rani suna biyan dillalan aiki kuɗi mai yawa, wasu har dala 7,000, kafin a ba su aiki, mutum ya shekara biyu yana aiki bashin kawai yake biya, wannan ai bauta ce da wani suna. Kamfani da yawa da sun binne maganar ko su sulale su canza masaƙa shiru ba wanda ya ji. Su kuwa suka fito a 2015 suka faɗa wa duniya cewa ga abin kunyar da muka samu a cikin kayan da muke sayar muku, suka kafa doka cewa daga watan Yuni na shekarar babu masaƙar da za ta bari a caji ma'aikaci kuɗin ɗaukar aiki. Haka kuma su suka ɗauki nauyin binciken jami'ar California ta Santa Barbara da ya nuna rigunan roba irin nasu suna zubar da ƙananan zaruruwa cikin ruwa duk lokacin wanki. Mai kaya da zai biya kuɗi a tono aibin kayansa sannan ya buga kowa ya gani, ni dai ban cika ganin irinsa ba, kuma ina jin daɗin sa rigar saboda haka, ba zan ɓoye ba.

Sai kuma Satumba 2022, da Chouinard da iyalinsa suka sauke hannu daga mallakar kamfanin da aka ƙiyasta ya kai kusan dala biliyan 3. Kashi 98 na hannun jari ya tafi ga wata ƙungiya Holdfast Collective da za ta riƙa kashe ribar wajen kare muhalli, kashi 2 mai ikon yanke shawarar kamfanin kuma ya tafi ga wani amintaccen asusu mai suna Patagonia Purpose Trust. A nan ina da abin cewa, don ban zo in yi musu kirari ba. Iyalin har yanzu su ke jan ragamar wannan amintaccen asusun, wato sun bar riba amma ba su bar iko ba, kuma masu suka sun nuna cewa tsarin ya sa harajin da suka biya, wajen dala miliyan 17.5, bai kai ko kusa da abin da za su biya ba da sayarwa suka yi. Wannan suka ce mai tushe. Sannan ba su da masana'antar ɗinki tasu, a ƙasashe irin su Vietnam da Sri Lanka ake ɗinka musu kaya, kuma maganar albashin da zai ishi mai ɗinki rayuwa har yanzu da sauran aiki, su ma sun amsa hakan. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsu, Chouinard an haife shi 1938, tsoho ne yanzu, ni abin da nake jira in gani shi ne ko Ryan Gellert da ke shugabanci tun 2020 da waɗanda za su biyo baya za su iya faɗin gaskiya mai ɗaci irin ta Taiwan in babu idon tsohon a kansu.

Maganar tsada kuwa, eh tana da tsada sosai, ba kowa zai iya ba kuma ba na ganin laifin wanda ya ce ba zai saya ba. In kana wurin da sanyi ke yi da gaske ko kana yawan tafiye-tafiye, ka fara leƙa ɓangaren gwanjonsu na Worn Wear kafin ka taɓa sabuwa, kuma ka ɗauki wadda za ta bar maka wurin sa wata riga a ciki. Yadin waje siriri ne don a rage nauyi, ka kiyaye ta da ƙaya da tartsatsin wuta. Ni tauraro huɗu da rabi na ba ta cikin biyar, rabin da na riƙe na masu ɗinkin ne, sai ranar da na ji an biya su yadda ya kamata.