Hearthstone da dek ɗin kwantirol: akwai daɗin wasa, akwai kuma tsada

Hearthstone wasan kati ne na kamfanin Blizzard da ya fito a 2014, kuma kyauta ake sauke shi a kwamfuta da waya. Kowane ɗan wasa yana shiga da dek mai kati 30 da jarumi mai rai 30, kuma wanda ya ƙarar da ran jarumin abokin karawarsa shi ya ci wasa. Lu'ulu'un da ake biyan kuɗin kati da su, waɗanda wasan ke kira Mana, suna ƙaruwa ɗaya-ɗaya a kowane zagaye har su kai 10. Wannan bita ta tsaya ne a kan salo guda, wato kwantirol: ka bar abokin karawa ya yi ta zuba mayaƙa, kana kashe su ɗaya bayan ɗaya, har hannunsa ya bushe, sannan ka sauke manyan katunanka.

Jaruman wasan aji-aji ne, kowane aji da katunansa, kuma ajin Warrior ne ya fi nuna yadda abin yake. Ikon jaruminsa yana ba da sulke 2 a kan lu'ulu'u 2, kuma sulke, wanda ke shan duka kafin a taɓa rai, ba shi da iyaka, saɓanin warkarwar ajin Priest da ba ta wuce cikakken rai. Shield Block yana ƙara sulke 5 ya kuma jawo maka kati. Shield Slam yana dukan mayaƙi daidai da yawan sulkenka. Execute yana kashe duk mayaƙin da ya riga ya ji rauni, komai girmansa. Brawl kuwa, mai lu'ulu'u 5, yana share fili kaf ya bar mayaƙi ɗaya da sa'a ta zaɓa. Dabarar duka a lissafi take: katinka ɗaya ya ci nasa uku ko huɗu.

A nan ne wasan ya fi daɗi, a nan ne kuma sababbin shiga suke faɗuwa. A ce ana zagaye na biyar, abokin karawa yana da ƙananan mayaƙa uku a fili da kati biyar a hannu, kai kuma kana da rai 24 da Brawl. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin jefa shi. Amma idan ka jefa yanzu, zai sake cika fili daga hannunsa, kai kuma ba ka da na biyu. Sau da yawa gara ka sha dukan zagaye ɗaya, ka ƙara sulke, ka bar shi ya sauke wasu biyu, sannan Brawl ya tafi da huɗu cikin biyar. Rai jari ne da ake kashewa, ba abin adanawa ba. Iyakar wannan haƙuri ita ce ka san yawan ɓarnar da ajinsa zai iya yi kai tsaye daga hannu. Gaban Hunter ko Mage, sauka ƙasa da rai 12 ko 15 ganganci ne, domin sihirinsu ba ya jiran izinin mayaƙanka masu tsare hanya. Kafin Brawl kuma, a fara kashe mafi haɗari da Execute ko Shield Slam, kada sa'a ta bar maka shi a tsaye.

Kuskure na biyu shi ne jan kati barkatai. Hannu ba ya ɗaukar fiye da kati 10. Na sha ɗaya ƙonewa yake yi a gabanka, kuma yana iya zama wanda za ka ci wasan da shi. Idan dek ya ƙare, kowane ja yana cin ranka: 1, sai 2, sai 3, haka yana hawa. Ja takwas sun haɗa 36, sun isa su kashe jarumi mai cikakken rai. Saboda haka idan kwantirol ya haɗu da kwantirol, dokar tana juyewa: wanda ya riga ɗan'uwansa da kati biyu, lokacin da ya sha 15 ɗayan 6 kawai ya sha. A irin wannan karawa Shield Block yana iya kwana a hannu har ƙarshe, kuma ba a ɓata Execute a kan ƙaramin mayaƙi. Ana ƙirga manyan katunansa, a ware wa kowanne maganinsa.

Sai dai Hearthstone na yau ba ya barin mutum ya ci da gajiyarwa kaɗai. Tun da aka kawo Discover a 2015, inda kati ke ba ka zaɓin wani sabo cikin uku, hannun abokin karawa ya daina bushewa yadda aka saba. Jade Idol na 2016 ma ya ba ajin Druid damar sake cusa kwafin katin uku a dek ba iyaka. Ga kuma dek ɗin haɗi, masu tara katuna su kashe ka a zagaye ɗaya ko da kana da sulke jibge. Maganinsu katuna ne irin Dirty Rat, mai fizgo mayaƙi daga hannun abokin karawa zuwa fili, amma shi ma caca ne. Don haka dek ɗin da ba shi da hanyar rufe wasa ragagge ne. Tsohuwar hanyar Warrior ita ce Alexstrasza ta mayar da ran abokin karawa 15, sannan Grommash Hellscream mai rauni ya zo da duka 10, makami ya ƙarasa. Odyn, Prime Designate na 2023 ya fi wannan tsafta, don yana mayar da duk sulken da ka samu ya zama ƙarfin duka a wannan zagayen. A duba ko kati yana cikin tsarin Standard, wanda ke karɓar katunan Core da na rukunan baya-bayan nan kaɗai, kafin a ƙera shi. Waɗanda suka fita sai a Wild, tsarin da ke karɓar tsofaffin katuna ma.

Batun kuɗi shi ne babban aibin. Ƙera kati da ƙurar wasan, wadda ake samu ta hanyar narka katuna, yana cin 40 ga na gama-gari, 100 ga Rare, 400 ga Epic, 1,600 ga Legendary. Idan ka narka su kuwa, 5 da 20 da 100 da 400 za su dawo maka. Kwantirol ya dogara ne da Epic da Legendary, shi ya sa tun farkon wasan ake yi wa Warrior ba'a da cewa dek ɗin masu walat ne. Legendary shida da Epic shida kaɗai ƙura 12,000 ke nan, alhali dek mai gaggawa yakan tashi da kaso kaɗan na wannan. Blizzard ta sassauta: rukunin Core kyauta ne tun 2021, ba a maimaita maka kati sai ka kammala ajin tsadarsa a rukunin, kuma idan aka rage wa kati ƙarfi ana mayar da cikakkiyar ƙurarsa na ɗan lokaci. Duk da haka rukuni uku ne ke fitowa a shekara, kuma fakiti mai kati biyar zinare 100 ne na kuɗin cikin wasan.

Tsanin matsayi ma bai yi wa kwantirol adalci ba. Daga Bronze zuwa Diamond har Legend, tauraro ake bayarwa a kan nasara, ba a kan mintoci ba, kuma duk wata ana mayar da mutum baya. Kafin ka gama wasa ɗaya, mai gaggawa ya gama biyu ko uku. Kowane zagaye daƙiƙa 75 ne, igiya ta fara ƙonewa idan ya kusa ƙarewa. A waya, mai hannu cike da kati 10 yana ɓata rabin lokacin wajen laluben wanda yake so, kuma idan intanet ya yanke a zagayen da ya kamata a share fili, wasan minti ashirin ya tafi a banza. A kwamfuta akwai manhajoji irin Hearthstone Deck Tracker da Firestone masu nuna katunan da suka rage maka da waɗanda abokin karawa ya riga ya yi amfani da su; ga mai kwantirol kusan dole ne.

Wanda bai daɗe da shiga ba, ya fara hawa tsani da dek mai araha yana tara ƙura, ya riƙe aji ɗaya. In ya tashi ƙera kwantirol, ya fara da katunan share fili kwafi bibbiyu, sannan Legendary ɗaya mai rufe wasa. Sauran guraben ana iya cike su da na Core har ƙura ta taru.