Hattara da masu tallar littafin ɗinkin hannu na jabu a Maradi

Assalamu alaikum jama'ar Maradi da kewaye. Wannan gargaɗi ne daga masu sana'ar ɗinkin littafi da gyaran tsofaffin littattafai, a kan wata damfara da ta kutso cikin sana'ar ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Ba za mu kama suna ba, domin da zarar ƙorafi ya fara yawa sai su rufe shafin, su buɗe wani da sabon suna da sabuwar lamba. Salon aikin ne ba ya sauyawa, kuma duk wanda ya san inda zai duba zai gane shi cikin minti biyar.

Tallar da hoto take farawa: littafin rubutu ko na zane, bango ja jawur, zare ya yi layi-layi a gadon baya, takarda ruwan ƙasa kamar ta shekara hamsin. A ƙasa a rubuta cewa fatar jar akuyar Maradi ce zalla, ɗinkin hannu ne, takardar tana ɗaukar fentin ruwa, kuma an ƙawata ciki da shafukan tsohon littafi na asali. Mace ta tambayi farashi, amsa ta zo nan take: "Hajiya, saura biyu kacal, wata ma ta ce a ajiye mata. Ki turo kafin alƙalami yanzu, gobe in sa miki a mota." In ta ce tana so ta zo ta gani da idonta, sai a ce ai shagon ana gyara, ko maigida ya tafi Katsina saro kaya. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko kuɗin su shiga a toshe lambarta, ko kuma ƙunshi ya iso tasha a naɗe da leda da salatif, yaron mota ya karɓi cikon kuɗi kafin a kwance. Na biyun ya fi daɗewa ana cin kasuwarsa, saboda mai saye ba ya gane an cuce shi sai bayan makonni, lokacin da shafuka suka fara zubowa.

A fara da ɗinki, nan ne ƙaryar ta fi saurin tonuwa. Littafin da aka ɗinka da gaske ƙunshi-ƙunshi ake haɗa shi. Ana ɗaukar takardu huɗu ko biyar, a ninke su biyu, ɗaya cikin ɗaya, a huda ninkin da basilla wuri huɗu zuwa shida, a bi da zaren da aka goga wa kakin zuma, sannan a sarƙe kowane ƙunshi da na kusa da shi. Takarda huɗu in an ninke suna ba da shafi 16. Saboda haka littafi mai shafi 160 ƙunshi goma ne, kuma wanda ya duba shi daga sama zai iya ƙirga ninkin nan goma a jere. A buɗe tsakiyar kowane ƙunshi, wato bayan shafi na 8, na 24, na 40, haka har ƙarshe, dole a ga zare kwance a cikin kwarin. Na jabu ba shi da wannan. Falle-falle ne aka tara, aka shafe gefe ɗaya da gam ɗin kyandir da ake narkarwa da bindiga, ko gam ɗin masu gyaran takalmi, sannan aka ɗinka zaren ado a jikin bango kawai, bai taɓa takarda ko ɗaya ba. Irin wannan gam ba ya jure yanayinmu. A zafin Afrilu da Mayu, littafi ya kwana cikin mota ko ƙarƙashin rufin kwano, gam ɗin ya yi laushi ya saki. Da hunturu kuma ya bushe ya ƙage, a buɗe littafin da ɗan ƙarfi a ji ƙas, bayan ya tsage gida biyu. Littafin ɗinki yana kwanciya a buɗe a kan tebur ba tare da an danne shi ba, na gam kuwa kullum ƙoƙarin rufe kansa yake.

Kaurin takarda ba ya bukatar gardama, sikeli ne ke raba ta. Takardar fotokofi ta yau da kullum giram 80 ce a kowace murabba'in mita, ma'ana falle ɗaya na A4 giram 5 ne, shi ya sa rim mai falle 500 yake kai kilo biyu da rabi. Littafin A5, wato mai girman rabin A4, mai shafi 160 falle 40 na A4 ya ci. In takardar fotokofi ce, cikinsa ba tare da bango ba giram 200 ne, kaurinsa wajen milimita 8. In da gaske takardar zane ce mai giram 160, nauyin zai kai giram 400, kaurin kuma ya kusa ninkawa. Mai fentin ruwa kuma yana bukatar giram 200 zuwa 300. To, wanda ya ce littafinsa mai shafi 160 na fentin ruwa ne, ga shi siriri kamar kayen ɗan makaranta, lissafinsa bai fita ba. A ce masa ya ɗora shi a sikeli ya ɗauki bidiyo, ko ya jingina rula a gefensa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan roƙo. Ba wai takardar giram 80 laifi ce ba, tana yi wa mai rubutu da biro daidai. Laifin shi ne a sayar da ita da kuɗin ta zane.

Sai fata, wadda ita ce abin da ya fi ba mu takaici, domin sunan garin nan ake cin amana da shi. Jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushin fatarta da ƙarfinta, kuma majemanmu da bagaruwa suke jima, dukawa su rina da karan dafi in ja ake so, da kuloko in baƙi ne. Abin da 'yan damfarar ke naɗe kwali da shi robar nan ce da ake yi wa kujerun mota da sirdin babur. Daga nesa, musamman a hoton da aka ƙara wa haske, ba a bambancewa. A hannu kuwa abu ne mai sauƙi. A ɗaga gefen da aka lanƙwasa zuwa cikin bango a dubi bayansa: bayan fata gashi-gashi ne mai laushi, bayan roba saƙar yadi ce fara ko toka-toka. A dubi bakin yanka: fata abu ɗaya ce daga sama har ƙasa, roba kuwa hawa-hawa ce, leda a sama, soso a tsaka, yadi a ƙasa. A ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wani lungu, fatar bagaruwa za ta sha shi wurin ya yi duhu, sai dai in an cika mata mai ko kaki, a kan roba kuwa ɗigon zai yi ta zama har ya gangare. Hanci ma yana aiki, warin jima daban, warin leda daban. In an riga an saya, a zafafa allura a taɓa can ciki inda ba a gani, roba za ta narke ta yi rami mai sheƙi.

Akwai kuma lissafin da hoto kansa ke tonawa. Bangon A5, da gadon baya da abin lanƙwasawa, yana cin fata wajen santimita 26 a 38. Fatar akuya guda, in an cire wuya da ƙafafu da gefen ciki mai sirantaka, bango biyu ko uku take bayarwa. Kowace fata kuma da tabonta: ƙaya ta karce, kaska ta ciza, wuƙar mai fiɗa ta ɗan zarce. Wanda ya jera littafi talatin a hoto, launi ɗaya sak, ƙwayar fata iri ɗaya, babu tabo ko guda, daga bandir ya yanko su. A nan sai mu yi adalci: akwai masu aiki da fatar gaske amma jimar ba ta nuna ba, tana wari da damina, ko rinin yana zuba a hannu. Wannan rashin ƙwarewa ne, ba zamba ba, kuma farin ƙyalle mai ɗan laima in an goga zai nuna shi kafin a biya.

Tsufan takarda ma ƙirƙirarsa suke yi. Ana jiƙa takardar fotokofi a ruwan shayi ko kofi, a shanya, wani har ya bi gefen da wutar kyandir. Takardar da ta tsufa da kanta daga gefe take fara yin ja, inda iska da haske ke taɓawa, launin ya riƙa raguwa zuwa tsakiya, kuma tana yin gautsi, kusurwa in an lanƙwasa sau biyu ta karye. Ta shayi launinta ya game ko'ina, da zanen inda ruwa ya tsaya ya bushe, ta yi kumbure-kumbure, ga ƙarfinta na sabuwa yana nan. A ɗan yage kusurwa, cikin zai fito fari. Fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan kasuwa ke duba takardar kuɗi da ita tana taimakawa: takardar zamani tana ɗauke da sinadarin ƙara fari da ya bazu tun shekarun 1950, wurin da aka yage zai yi walƙiya, tsohuwar takarda ta gaske kuwa dusu-dusu take zama. Rubutun fotokofi a saman takarda yake kwance, yana ɗan sheƙi, farce yana kankare shi a kan ninki. Abin dariya ma, sau da yawa har hudar da ƙwaro ya yi a littafin asali takan fito a kwafin a matsayin baƙin ɗigo, ga tabon rami amma babu rami.

Masoya tsofaffin littattafan hikaya su ne aka fi yi wa tarko da kalmar "bugun farko". Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, alal misali, ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933 da aka shirya a Zariya, aka buga shi a 1934, kuma an yi ta sake buga shi tun daga lokacin. Kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya, wanda sunansa ke kan yawancin kwafin da ke hannun mutane, a 1966 aka kafa shi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ake bugawa a jikinsa, ba ta zama ƙa'idar duniya ba sai 1970, mai lamba 13 kuma daga 2007 ta fara aiki. Naira, da ake rubuta farashi da ita a bango, a 1973 ta fito. Duk kwafin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan ba na 1934 ba ne, komai jan takardarsa. Na Faransanci ya fi sauƙi: a juya shafin ƙarshe, inda aka rubuta "achevé d'imprimer", nan maɗaba'a ke sa wata da shekarar da aka gama bugu. Jerin ƙananan littattafan aljihu na Le Livre de Poche a 1953 ya soma, don haka littafin ƙarni na 19 da ya zo a wannan bango sabon bugu ne. Shi ya sa za ku ga shafin farko da na ƙarshe su ne kullum "suka ɓace" a kayan waɗannan mutane. Tsohon littafi wanda ba bugun farko ba yana da daɗin karatu da darajarsa daidai gwargwado, a saye shi da kuɗinsa kawai.

Ɓangaren da ya fi muni shi ne na masu bi gida-gida, ko masu sa talla cewa suna gyara littattafan gado kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Su karɓi littafin kaka, su cire bangon asali da hotunan ciki su yi kayan sayarwa da su, su dawo wa mai shi da fotokofi a sabon bango mai ƙyalli, shi kuma ya yi ta godiya. Waɗanda suka mallaki littattafan rubutun hannu na ajami da na Larabci, irin waɗanda ke falle-falle cikin tadarishi da gafaka, su fi kowa yin hattara, domin falle goma za su fita ba a lura ba, kuma ba a samun madadinsu a kasuwa. Kafin littafi ya bar gida a ƙirga fallayensa a gaban mai gyara, a ɗauki hoton bango da shafin farko da na ƙarshe da duk wani tabo ko rubutun gefe, a rubuta yarjejeniya a gaban shaida. In rubutun hannu ne mai tarihi, cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, neman shawararsu ya fi miƙa shi ga wanda aka sani a waya kawai. A sana'ar nan littafin da ya riga ya mutu kaɗai ake cire wa shafuka don ƙawata wani, wanda gara ta ci rabinsa ko ruwa ya lalata, kuma ba a yanka shafin da ke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah don ado. Wanda ya aiko muku da littafi da irin wannan shafi manne a bango, kun san bai san abin da yake yankawa ba, ko bai damu ba.

Game da biya, ba a cinikin biri a sama. In mai sayarwa ya ce a Maradi yake, a haɗu a babbar kasuwa ko wani shago da aka sani, a riƙa littafin a hannu. In daga nesa ne, a nemi bidiyo ɗaya marar yankewa: ya faɗi sunan mai saye da ranar, ya buɗe tsakiyar ƙunshi a ga zare, ya ɗaga gefen fata a ga bayanta, ya ɗora a sikeli. A lura ko sunan da ke fitowa a lambar karɓar kuɗi ya yi daidai da wanda ake magana da shi. Aikin oda yakan bukaci kafin alƙalami don sayen fata da takarda, wannan ba abin zargi ba ne, amma kada ya kai rabin kuɗi ga wanda ba a taɓa ciniki da shi ba, kuma a sharɗanta cewa za a kwance kaya a tasha kafin a cika.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu kada ya goge hirar don haushi, kada kuma ya gaya musu zai kai ƙara, nan take za su share shafin. Ya ɗauki hoton tallar, da sunan shafin, da lambobin waya, da saƙon shaidar tura kuɗi mai lambar ciniki, ya adana ledar da aka naɗo kayan da takardar tasha in akwai. Ya kai wa 'yan sanda ko jandarma, domin dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta shafi zamba irin wannan. In akwai wasu da lamba ɗaya ta karɓi kuɗinsu, su tafi tare, kowa da nasa rasit da nasa littafin a hannu.