Dodanni a yaƙin Napoleon, fatalwa a gaban ɗan sanda

Kusan shekara guda na yi ina jujjuya jerin littattafai biyu, in ajiye wannan in ɗauki wancan. Ɗaya shi ne Temeraire na Naomi Novik, littafi tara da suka fito tsakanin 2006 da 2016. Ɗayan kuma Rivers of London na Ben Aaronovitch, wanda ya fara fitowa a 2011, na karanta bakwai na farko. Na Novik irin labarin nan ne da nake kira tarihin "da a ce": a ɗauki abin da ya faru da gaske, a sauya abu ɗaya, a ga inda duniya za ta nufa. Na Aaronovitch kuwa almara ce da aka girke a tsakiyar birnin zamani, sihiri da motar sintiri a titi ɗaya. Zan ɗan tona wasu abubuwa, wanda bai karanta ba ya yi haƙuri.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. To a irin wannan rubutu, ni 'ya'yan nake nema. Na yarda marubuci ya shara mini ƙarya guda, amma daga nan sai ya bi ta da gaskiya har inda ta kai shi.

Ƙaryar Novik ita ce akwai dodanni masu fuka-fuki, masu magana, kuma da su ake yaƙi ta sama a zamanin Napoleon. A 1805 wani kyaftin ɗin jirgin ruwan Ingila, William Laurence, ya kame jirgin Faransa ya tarar da ƙwai a ciki. Da aka ƙyanƙyashe, dodon, wanda aka sa wa suna Temeraire, ya zaɓe shi, dole ya bar aikin ruwa ya koma rundunar sama wadda manyan mutane ke yi wa kallon raini. Abin da ya fara kama ni shi ne lissafin hidimar: shanun da dodo zai ci, ɗamarar fata da sojoji ke maƙalewa a jikinsa, da wani jinsi mai feshin guba wanda ba ya yarda da kowane kyaftin sai mace, har ya sa rundunar ke ɓoye cewa tana da hafsoshi mata.

Amma inda jerin ya yi nauyi shi ne littafi na biyu da na huɗu. A ƙasar Sin, Temeraire ya ga dodanni suna yawo a kasuwa, suna karatu, suna riƙe da kuɗinsu. Ya dawo yana tambayar me ya sa a Ingila ba a biyan su albashi, kuma Laurence, mutumin da ya taso a kan biyayya ga sarki, ya rasa amsa. A na huɗu an je kudancin Afirka, inda mutanen Tswana ke ɗaukar dodanni a matsayin kakanninsu da suka dawo. Da su suka kafa daula, suka auka wa tashoshin cinikin bayi, suka kori Turawa daga Cape Town. Ga kuma wata dabara da ta burge ni: a tarihin gaskiya Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila, ya mutu a yaƙin Trafalgar a 1805, majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807. A nan bai mutu ba, ya zama cikas ga masu neman haramcin. Ran mutum ɗaya da aka bari, dubbai suka ci gaba da shan wuya.

Ƙorafina shi ne Turai ita kanta ba ta motsa ba. In dodanni sun hana a ci Afirka da daular Inka ta Kudancin Amurka, ta yaya za a ce har yanzu akwai Napoleon da wannan sunan, ya ci yaƙin Jena a 1806, ya kuma tafi Rasha a 1812 kamar yadda aka saba? Na shida kuwa tafiya ce kawai cikin hamadar Ostireliya, sai da na yi da gaske na kai ƙarshe. Na takwas ya buɗe da Laurence ya manta komai, dabarar da ta sha jiki tun kafin a haifi marubuciyar.

Rivers of London ya fi sauƙin shiga. Peter Grant kurtun ɗan sanda ne, uwarsa 'yar Saliyo, ubansa makaɗin jaz. Yana gadin wurin da aka yi kisa a unguwar Covent Garden ta Landan sai ga mai shaida ya zo, ashe fatalwa ne. Peter bai ruga ba, ya zaro littafinsa ya fara rubuta bayani. Nan take na san zan zauna da wannan jeri. Daga nan ya zama almajirin Sufeto Nightingale, masihirci na ƙarshe da ya rage wa 'yan sandan Landan.

Sihirin nan yana da tsada. Wanda ya yawaita shi ƙwaƙwalwarsa lalacewa take, kuma in ka yi shi kusa da waya ba ka cire batir ba, cikinta ya zama yashi. An ce Isaac Newton ne ya tsara dokokinsa. (Abin dariya, littafin Newton na lissafi Laurence ke karanta wa dodonsa da dare. Bawan Allahn nan bai huta ba a ko'ina.) Kogunan birnin ma suna da masu su. Tsohon uban kogin Thames ya bar Landan saboda ɗoyin da kogin ya yi a 1858, sai wata 'yar Najeriya da ta zo koyon aikin jinya a 1957 ta gaje ɓangaren kogin da ke cikin birni, kogunan da aka binne ƙarƙashin titi irin su Fleet da Tyburn suka zama 'ya'yanta. Tarihin gine-ginen da Peter ke ta zubawa zai gunduri wasu, ni kam shi ya sa na riƙa buɗe taswira ina bin sawunsa.

Laifinsa jan rai. Mugun da ake farauta tun littafi na biyu, sai a na bakwai aka gama da shi. Sannan akan ambaci wasu al'amura kamar kowa ya sani, ashe a littattafan zane na gefe suka faru, waɗanda ban karanta ba.

Turancin duka biyun yana son haƙuri: Novik tana kwaikwayon salon ƙarni na 19, Aaronovitch yana cika baki da karin maganar titi da gajerun sunayen sassan 'yan sanda. Da na maƙale a na uku na Aaronovitch, sai na koma sauraron karatun Kobna Holdbrook-Smith, kuma muryarsa ce ta warware mini barkwancin da ido ya tsallake. Da ita zan shiga na takwas.