Gaban goshi na zubewa: tataccen man rosemary ko na jiƙo?

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Kin tambaya wane za ki saya saboda gashin gaban goshinki da ke zubewa, tataccen man rosemary (wani ganye ne mai ƙamshi) ko na jiƙo. Tataccen za ki saya, wanda ke zuwa a 'yar kwalba mai duhu ta mil 10.

Da tururi ake tato shi daga ganyen, shi ya sa da kin buɗe murfin yake bugun hanci kamar kafur. Ba a shafa shi zalla, yana ƙona fatar kai, ya jawo ƙaiƙayi da saɓa. Ki zuba man zaitun ko man riɗi cokalin cin abinci ɗaya, ki ɗiga ɗigo 3 zuwa 5, kar ki wuce haka. Man kwakwa ma yana yi, sai dai sanyin hunturun Zariya daskarar da shi yake yi. Ki fara gogawa a bayan kunne ki bar shi ya kwana. In wurin bai yi ja ba, sai ki tsaga gashin layi-layi, ki murza a fata da tafin yatsu na minti biyar, ki wanke bayan awa ɗaya. Sau biyu ko uku a mako ya isa, kwalba ɗaya za ta kai ki watanni.

Amma fa sai da haƙuri. A binciken da aka yi a Iran a 2015 kan masu sanƙon gado su 100, rabi sun shafa rosemary, rabi maganin zubewar gashi na minoxidil mai kashi 2. A wata uku babu wani canji, sai a wata na shida gashi ya ƙaru a duka ɓangarorin. In kuma ɗaurin kitso ne ke cinye miki goshin, ki ce mai kitso ta sassauta hannu, mai kaɗai ba zai gyara ba.

Na jiƙon kuwa, man girki ne da aka tsoma wa ganye. Yana sa laushi, iyakarsa ke nan, kuma in ɗanyen ganye aka saka sai ya yi fumfuna.

Ki yi hattara da masu talla a WhatsApp da wasu 'yan shaguna a Sabon Gari. Ƙatuwar robar mil 100 a farashin banza ba tatacce ba ce. Ki ɗiga ɗaya a farar takarda: na gaske yana bushewa ya tafi, mai gauraye yana barin tabon maiƙo kamar takardar ƙosai.

Ba a shan tataccen man. Mai farfaɗiya da mai juna biyu su bar shi, kuma kar ya je kusa da fuskar jariri.