Kano zuwa Ƙasa Mai Tsarki: kafin ka biya kuɗin tikitin Umara

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan bai wuce kilomita 3,400 da 'yan kai ba, Madina kuwa ta kusa 3,600. Jirgin da ya miƙe ba tsayawa, awa biyar ta ishe shi a da. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Kada agogo ya ruɗe ka kuma: Saudiyya ta riga mu da awa biyu, lokacin sauka da ke jikin tikiti nasu ne.

Jirgin kai tsaye shi ne hutu, sai dai ba kullum ake samun sa ba, kuma da watan azumi ya matso kuɗinsa kan yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa da yawa ke bin jiragen da ke yada zango. Ta Alƙahira, jimillar tafiyar wajen kilomita 4,300 ce, ta Addis Ababa kusan 4,700. Ta Doha kuwa sai ka wuce Saudiyya ɗungurungum sannan ka dawo baya, kilomita 6,000 har da ɗoriya.

To amma ba kilomita ke gajiyar da mutum ba, zaman jira ne. Na taɓa raka gyatumarmu ta irin wannan hanya don rangwamen da muka gani, muka share awa tara kan kujerar ƙarfe, sanyin na'ura na kaɗa mu, ƙafafunta suka kumbura har silifa ta ƙi shiga. Saboda haka ka sa ejan ya nuna maka awa nawa ne tsakanin jirgi da jirgi. Ƙasa da awa biyu kasada ce, jakarka na iya kwana a baya. In ya haura shida kuma kana tare da tsoho ko mai goyo, ƙara kuɗi ka sayi sauƙi.

Sai batun inda za ka fara sauka, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Mai sauka Jidda da nufin wucewa Makka, dole ya ɗaura harami kafin jirgi ya ƙetare miƙati, wato iyakar da mai zuwa Umara ba ya wucewa sai da harami, ga matsin banɗakin jirgi ga layi. Gara ka ɗaura tun a filin da kuka yada zango, niyya kawai ta rage maka a sama. Mai sauka Madina kuwa da kayansa na gida zai shiga, ya huta, ya yi ziyara, ya ɗauki harami a Zul-Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, jirgin ƙasa na Haramain ya kai shi Makka cikin awa biyu da rabi. Ni dai in da zaɓi, tikitin da ya shiga ta Madina ya fita ta Jidda nake nema, ko da ya ɗan fi tsada.